Mahamane, Mai Ƙwanƙwasa Hular Kwano

Duk Asabar ɗin da ake tsere, da ya sallame asuba a Beltsville, nan ƙasar Turawa, Mahamane yakan zuba shayi a filas ya kama hanya. Tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa duwatsun yamma, inda samari da 'yan mata ke gangarowa daga ƙolin dutse a kan keke, ta cikin itatuwa da saiwoyi, da gudun da ko mai babur sai ya yi shahada kafin ya gwada. Shi ba ya tsere. Sauran ranaku gyaran keke yake yi a ɗan shagonsa, ranar tsere kuma ya kafa teburin roba a bakin layin farawa. Shekara goma sha shida ke nan, babu mai gangarawa sai ya bi ta gabansa.

Dokar ba ta da yawa: hular kwano mai rufe haɓa, marar tsaga, wadda ba a yi wa gyaran gida ba, sai makarin gwiwa, da rigar kare ƙashin baya, da safar hannu. Kowa ya haddace ta. Wanda zai tsaya a kanta ranar da abin ya faɗo kan na gida, shi ne ake nema.

Mahaifiyarsa tuluna take sayarwa a Mirriya, a wurinta ya koyi cewa ba a sayen tulu sai an ƙwanƙwasa. Haka yake yi wa hula. Ya kai ta kunne ya buga da gaɓar yatsa, kwas-kwas-kwas, sannan ya ɗaga soson ciki ya bi ko'ina da babban yatsa. Turawa sun yi masa dariya da farko. Da ya tono tsaga uku a wuni ɗaya, dariya ta koma ciki.

To, shekara huɗu da suka wuce, sai ga Hairat a kan layi. 'Yar Maman ce, direban da suka kwana ɗaki ɗaya da Mahamane a Greenbelt lokacin da ba su da kowa a ƙasar nan. Ita ke kan gaba a tseren 'yan mata na shekarar, wannan kuma shi ne na ƙarshe. Ko ta uku ta zo, kofi nata ne.

Ta miƙa hula tana murmushi, ta kira shi baffa da Faransanci. "Tonton, ina kwana."

Ya amsa, ya ƙwanƙwasa, ya tsaya. Ya sake ƙwanƙwasawa. Da ya ɗaga soso, sai ga rami an fafe da wuƙa a jikin farin abin da ke shanye bugu, daidai ƙeya, an cusa laya an liƙe tsaf. Kakarta ce ta aiko da ita daga Maraɗi, ta ce a sa wa yarinya a ka. Maman kuwa, da ƙauna da ƙaramin sani, ya zauna ya sassaƙe mata wuri.

"Ba za ta sauka da wannan ba," in ji Mahamane.

Maman ya matso ya rage murya. "Haba ɗan'uwa! Tsari ne fa, ayar Allah ce. Wa zai gani?"

"Ni na gani. Layar ba ta yi mini komai ba, a ɗaura mata a dantse. Ramin nan ne ba zan bari ba. In ta faɗi ta ƙeya, me zai tare?"

Aka nemi ta aro. Guda biyun da aka samu sun yi mata yawa, da ta girgiza kai sai su zamo mata kan ido. Ya ƙi. Gregory, mai shirya tseren, ya zo yana duban agogo, ya ce ai minti huɗu ne kacal a sauka, uban ya sa hannu a takarda a wuce wurin. Mahamane ya ce masa takarda ba ta tare dutse, in kuma za a tsallake shi, ga tebur nan, a nemi wani. Hairat ta yi ta roƙonsa da Turanci tana kuka, yana ba ta haƙuri da Hausa. Ya zare layar ya damƙa mata a hannu, ya sa almakashi ya datse igiyar hular, don kada ta ƙara hawa kan kowa.

Kai, an ci namansa a garin nan! A wurin suna, a ƙofar masallaci, har a waya zuwa gida: ya zama Bature, ya raina addu'a, baƙin ciki yake yi da 'yar abokinsa. Shekara guda cur Maman bai amsa masa sallama ba. Abin ya ci masa rai, wallahi, har ya rame. Amma ko sau ɗaya bai je ba da haƙuri ba, don bai ga laifin da ya yi ba. Ku da kuka yi ta yamaɗiɗi, wanene a cikinku ya taɓa riƙe kan yaro a tsakiyar daji yana jiran motar asibiti? Shi ya riƙe, har sau biyu.

Kai ne, Mahamane, ka zaɓi a zage ka da a kira ka gaisuwar mutuwa. Kai ne ba ka san ɗan wane ba in hula ta zo hannunka. Na Mirriya, gagara lallashi!

Shekara ta zagayo, Hairat ta dawo da sabuwar hula, laya a dantse. A wani lanƙwasa mai duwatsu keke ya watsar da ita, ta sauka ta ƙeya. Ranar Litinin Maman ya shigo shago ba sallama, ya dire hular a kan tebur, ta tsage gida biyu.

"Ƙwanƙwasa wannan."

Mahamane ya buga. "Wannan kam ta mutu."

"Ita ta mutu," in ji Maman. "'Yata tana gida da karayar hannu, tana yi wa uwarta tsiwa." Sai a sannan ya ce salamu alaikum.

Asabar ɗin da ta wuce Mahamane ya naɗe teburinsa ya bar aikin, don kunne ya fara yi masa nauyi. Hairat, wadda ke karatu a College Park yanzu, ita ta karɓa. An ce tun a ranar ta mayar da mutum biyu, ɗaya ma abokin karatunta ne.

Mun gode, Mahamane. Allah ya saka, ya ƙara lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma da aka ba ku tsaron wata ƙofa, komai ƙanƙantarta, ku tsaya a kanta kamar yadda ya tsaya. Zagi yana wucewa, ga Maman nan shaida: kullum da la'asar yana shagon, shi ke dafa shayi.