Inda Wuta ta Yanke, Baba ya Ɗora

Ƙanshin kafur ne ya tayar mini da wannan tunani. Shekaranjiya jikata ta buɗe tsohon kabad ɗin da ke kusurwar falo, tana neman wurin ajiye littattafanta, sai ƙanshin ya taso, gauraye da warin tsohuwar roba da na takardar da ta ga damina da yawa. A cikin kabad ɗin nan kaset-kaset ɗin bidiyo na mahaifina suke, a jere kamar yadda ya bar su, kowanne da rubutun hannunsa a gefe.

Ya mai karatu, mahaifina malamin makarantar firamare ne a Samaru, mutum mai tsari wanda ko alli ba ya ajiyewa a karkace. Ina gab da gama firamare ya sayo akwatin bidiyo, ya shiga tara finafinai sannu a hankali. Akwai na Indiya masu waƙa a kan duwatsu, da na kaboyi, da na 'yan Sin masu faɗa da hannu, da labaran annabawa waɗanda muke kallo ran Lahadi bayan an taso daga sujada a coci. Babu mai taɓa su sai shi. Idan damina ta kankama, yakan fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da tsumma mai laushi, ya duba ko fumfuna ta kama zaren, sa'an nan ya sabunta kafur.

Amma abin da ya fi daraja a wurinsa shi ne wani wasan kwaikwayo na Hausa da ake nunawa a talabijin mako-mako, wanda ya naɗa da kansa. Labarin ɗan wani manomi ne da ya bar gida ya tafi birni neman aiki, uwarsa kuwa tana ta zuba ido. Wutar lantarki ba ta da tabbas, saboda haka kusan kowane kaset yana da gurbi. Ana tsakar magana sai hoto ya ɓace, allo ya cika da ɗigo-ɗigo yana huci kamar yayyafi a kan kwano.

Baba ba ya barin gurbi. Washegari yakan hau kekensa ya tafi Sabon Gari wurin abokinsa, wani mai sayar da kayan keke, mutumin kudu, wanda ke da janareta. Ya ji abin da ya wuce mu, ya dawo. Duk ranar da aka sa kaset ɗin, da an kai gurbin sai ya tsayar da na'ura, ya miƙe, ya harɗe hannuwa a baya kamar yana gaban aji, ya ba da abin da ya faru, har da muryar kowa. Mu yara mun fi son gurbin da wasan kansa.

Sai na gaya maka abin da ya sa wasan nan ya zama daban a gidanmu. Shekara biyu kafin a fara shi, babban yayanmu ya shiga jirgin ƙasa zuwa kudu neman aiki. Wasiƙunsa suka yi ta zuwa, daga baya suka tsaya. Aka bi sawu har aka gaji. Inna ba ta taɓa cewa ya mutu ba, kuma ba ta yarda a faɗa a gabanta ba. Tana zama a kan tabarma kusa da ƙofa, tana tsince wake, idonta a kan ɗan manomin nan kamar nata ne.

Ranar da aka nuna kashi na ƙarshe, an kawo wa uwar saƙo ke nan, ta miƙa hannu za ta karɓa, aka ɗauke wuta. Washegari Baba ya daɗe a Sabon Gari fiye da yadda ya saba. Da ya dawo ya tara mu, ya miƙe tsaye, ya ce saƙon na cewa yaron yana hanya. Ya iso da kaka, ana cikin girbin dawa, ya rame amma da ransa, uwarsa ta gane shi tun daga nesa ta irin tafiyarsa. Inna ta sunkuyar da kai a kan wakenta. Haka muka san ƙarshen wasan, haka kuma Baba ya maimaita shi shekara da shekaru, bai taɓa sauya kalma ba.

Baba ya rasu a farkon shekarun dubu biyu, lokacin ina da nawa iyalin. A lokacin faifan CD ya fara korar kaset, ɗalibai a Samaru suna ta yawo da shi a aljihu. Wata rana a kasuwar Sabon Gari na ga wani mai shago da ke juya tsofaffin kaset zuwa faifai, kuma yana da wasan nan cikakke. Na karɓo da murna, ina cewa Inna za ta ga da idonta abin da ta daɗe tana ji da kunne. Na yi kuskure guda: na gaya mata tun kafin in duba.

Na kalli kashin ƙarshe ni kaɗai da rana tsaka. Saƙon na mutuwa ne. Yaron bai dawo ba. Jakarsa kawai aka kawo, uwar ta rungume ta, wasan ya ƙare a nan.

Na yi kwanaki ina kauce wa Inna. In na nuna mata, na mayar da mahaifina maƙaryaci a idonta bayan ransa, na kuma kashe mata ɗan da ta raya a zuci duk shekarun nan. In na hana, ni ne na yi alkawari. Na ce faifan yana sarƙewa, ta ce a mayar a sake. Na ce mai shagon ya yi tafiya, ta ce za ta jira. Ran Lahadi bayan sujada ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inda take zama, ta kira ni, ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina ƙarami.

"Ka kalla, ko ba haka ba?"

Na ce na kalla.

"To, ka huta da ɓoye-ɓoye. Jaka aka kawo. Na sani tun kafin babanku ya dawo da kekensa. Matar maƙwabcinmu ta faɗa mini a bakin famfo, ita a gidan 'yar'uwarta ta gani."

Da ƙyar na tambaye ta me ya sa ta yi shiru duk tsawon lokacin nan. Ta ce mutumin da ya yini yana zagaye Sabon Gari yana shirya abin da zai faɗa mata, ba za ta bar shi ya ji kunya a gaban 'ya'yansa ba. Ta ce yayanmu da ya tafi shi ma ɗansa ne, kuma ba ita kaɗai ke bukatar jin yaron ya dawo ba. Duk lokacin da ya miƙe yana faɗa, takan ji yadda muryarsa ke rawa a wurin girbin dawa.

Sa'an nan ta ce in ajiye faifan, in ɗauko tsohon kaset. Muka kalla har uwar ta miƙa hannu, allo ya cika da ɗigo-ɗigo. Na tsayar da na'ura.

"Tashi mana," in ji ta. "Kai ne babba yanzu."

Na miƙe, na harɗe hannuwa a baya, na dawo da yaron gida.

Inna ma ta bi Baba, yayanmu kuwa har yau babu labari. Akwatin bidiyon ya daɗe da lalacewa, babu mai gyaransa ko a Sabon Gari. Jikokina suna kallon abin da suke so a waya, kowa shi kaɗai, ba abin da ke yankewa balle wani ya miƙe ya ɗora. Jikata ta tambaya ko za a zubar da kaset-kaset ɗin tunda ba sa aiki. Na ce ta nemi wani wurin ta sa littattafanta, in ta dawo kuma ta zauna, akwai wani ɗan manomi da zan ba ta labarinsa. Na riga na san ƙarshen da za ta ji.