Baƙar Ashana da Ƙafar Keken Ɗinki

Tsohon Direba ake ce masa, duk da ya daɗe da ajiye sitiyari. Da zaman gida ya ishe shi sai ya sayo ɗan injin walda ya girke a zaure, wai don rage zafi. Daga ranar babu ƙarfen da ya sake sakewa a gidan. Kujera, murhu, ƙofar bayi, har mariƙin bokiti ya sha wuta. Maƙwabta suna yi masa tsiya cewa in ka daɗe a tsaye kusa da shi, kai ma zai liƙe ka da bango.

Ashanar walda kuwa, siraran sandunan nan da ake narkawa a haɗa ƙarfe, a gwangwanin madara yake tara su. Wasu ya saya, wasu guntaye ne ya tsinto a garejin abokansa. Kowace da lambarta a gindi, amma shi bai taɓa damuwa ba. A wajensa ashana ashana ce.

Wata safiya ya zo jan keken ɗinkin matarsa daga inda rufi yake yoyo, keken ya kuɓuce masa, ƙafa ɗaya ta karye gida biyu. Keken nan na mahaifiyarta ne, shi kaɗai ta gada, kuma da shi take rufa wa gidan asiri tun da mijin ya bar mota.

"Malam, a kai wa masu walda na bakin titi," in ji ta.

"Haba, Mai Keke. Ga inji a gida? Ki bar ni in gyara ɓarnata da hannuna."

Ta ja mayafi ta tafi duba ƙanwarta da ba ta da lafiya.

Ya zaro ashanar da ya saba, mai lamba 6013, ya ja layi mai kyau son kowa. Yana cikin yaba kansa ya ji tas! Ƙarfen ya tsage a gefen waldar. Ya ɗauko wata mai kauri, ya ƙara wuta, ya sake bi. Wannan karon wani yanki ne ya ɓalle ya faɗi a ƙasa. Mutumin da ya taɓa sauko da mota daga gangare babu birki, ga shi ƙafar keke ta gagare shi.

Ya kwashi guntun da gudu zuwa shagon mai sayar da kayan ƙarfe. Mai shago ya juya shi, ya nuna masa cikin karayar, toka-toka, ɓarzajje kamar tsakin masara.

"Baba, wannan ai ƙarfen zubi ne, ba irin na ƙofa ba. Ashanarsa daban ce. Baƙa ce, tana shafa baƙi a yatsa kamar bakin fensir, gindinta kuma ba ya tsatsa. Tawa ta ƙare, sai an kawo kaya."

"Ka taimake ni, ɗana. Ko guntuwa ce."

"Wallahi babu. Ka duba cikin tsince-tsincenka, ko Allah zai sa."

Ya koma ya zazzage gwangwanin a tabarma. Lambobin duk sun goge, wasu laima ta cinye. Ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana murzawa a yatsa, yana dangwala yawu, yana salati. Fara, ja, toka-toka, babu mai baƙi. Zufa tana ɗiga daga gemunsa. Can a ƙasa, manne da tsatsar gwangwani, ya ga wata guntuwa da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa biyu ba. Ya murza, yatsansa ya yi baƙi. Gindinta fes, yana ƙyalli. Sai da ya ji hawaye ya zo masa.

Ya rage wuta. Ya ɗana kaɗan, ya ɗaga, ya bubbuga da guduma a hankali, ya sake ɗanawa, yana tsoron kada ta ƙare. Ta kuwa kai shi, da ƙyar, har ta kusa ƙona bakin mariƙin ashanar. Ya kasa kunne. Shiru. Ƙafa ta haɗu.

A daidai nan ya jiyo muryar matarsa a waje tana gaisawa da maƙwabciya. So yake ta shigo ta tarar da keken a tsaye, ga ƙarfen kuma da zafi, ba ya taɓuwa. Ya sungumi buta ya kwara masa ruwa, yadda yake yi wa ƙofa da kujera in yana sauri. Ƙarfen zubi ba ya son haka, a hankali yake hucewa.

Ƙarar da ya ji ba ta da ƙarfi. Da tururin ya washe, waldar tana nan daram, amma ƙafar ta tarwatse sama da ƙasa.

Mai Keke ta yi sallama ta shigo. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa, ta shimfiɗa gefen mayafinta, ta riƙa tsince guntayen tana zubawa, ruwa yana jiƙa mata zane.

"Mai Keke, na samo ashanar da ta dace. Ki duba, inda na haɗa bai karye ba."

"Na gani, Malam," ta ce, ba ta ɗago ba. "Gida biyu na bar maka ƙafar nan. Da haka na tarar, da na san inda zan kai."

Ya tsaya da butar a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.