Malam Umaru Mai Turanci da Baƙin Gindin Tsamiya

Shekara ashirin ke nan da muka kai Malam Umaru makwancinsa a Sabon Birni. Tun muna samari muka fara koyarwa a firamare ɗaya a Isa, ni lissafi, shi Turanci. Har yau in na ji wani ya jefa kalmar Turanci a rediyo, sai in ga kamar Umaru zai leƙo ta taga ya tambaye shi ko ya san abin da ya faɗa.

Babu abin da ke ci masa rai kamar yadda muke tattara kalmomi da yawa mu ce duk "gudu" ne. A wurinsa kowace da halinta. "Avoid" ita ce ka hango kududdufi ka sake hanya tun ba ka iso ba. In ya zo kan "dodge" sai ya wurga wa aji guntun alli, wanda ya goce ya ce masa ka gane ke nan. "Escape" ta wanda ya riga ya shiga hannu ce ya kuɓuta. "Evade" ta masu zillewa ce, irin wanda aka kira gayya ya tsallake darni ta bayan gida. Akwai kuma "shun", da yake furtawa "shon", wato a ƙaurace wa mutum da gangan, a ɗauke kai in an gamu da shi. Wannan ba ya yi mata wasa.

Lokacin da aka yi fari a shekarun tamanin, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Wasu makiyaya daga Nijar, waɗanda shanunsu suka ƙare a hanya, suka sauka gindin wata tsamiya bayan makarantarmu. Ba a jima ba ƙyanda ta ɓulla cikin 'ya'yansu. Gari ya tsorata, kuma da gaskiyarsa. Aka hana su rijiya, har sallamarsu aka daina amsawa.

Iyaye suka taru a makaranta kan batun a tashi baƙin. Umaru, wanda a lokacin matarsa Inno ke goyon 'yarsu ta fari, ya miƙe.

"Jama'a, mi muke gudu, cutar ko mutanen? Ko a Turanci kalma biyu ta."

Wani dattijo ya ce, "Malam, aje Turancinka. Ƙyanda ba ta jin shi."

Aka yi dariya, har da shi. Ya ce, "Gaskiya ta, Baba. To ga Hausa. Za ni kai musu ruwa. Ba ni shiga bukkokinsu, su kuma ba su taɓa gugarmu."

Haka ya yi. Ya girka randa tsakanin makaranta da tsamiyar. Kullum da safe ya cika ta, ya ja baya, ya ɗaga murya ya gaishe su, ya tambayi kowane mara lafiya da sunansa. Inno kan ajiye masa ruwa da sabulu a zaure, ba ya shiga gida sai ya wanke jiki ya sake riga. Ta gaya mini daga baya cewa kwanakin nan duk hankalinta a tashe yake, amma ba ta taɓa ce masa ya bari ba. Shi ya hau keke ya je ya ɗauko malamin asibiti. Sannu a hankali aka fara ganin ƙwaryar kunu kusa da randar, ba a san daga gidan wa ba. Makiyayan sun rasa wasu yaran, da yawa sun tashi. Da ruwa ya sauka suka koma ƙasarsu.

Yau ba fari ya koro mutane ba, 'yan bindiga ne. Akwai hanyoyin da direba ke kauce wa tun daga tasha, akwai gonakin Gangara da Tsamaye da masu su ke kallo daga nesa. Na kan tambayi kaina wace kalma Umaru zai ba wannan zamani. Ina jin ba zai ga laifin mai kauce wa hanya ba. Abin da zai fara tambaya shi ne waɗanda suka kuɓuto, ina suka sauka, kuma wa ya je ya gaishe su.

Makon jiya na je gai da Inno. Ta tsufa, idanu sun yi rauni, kuma ba ta taɓa shiga aji ba a rayuwarta. Na tarar ta ba wata mata 'yar gudun hijira ɗakin da Umaru ke karatu. Wata maƙwabciya na gefe tana cewa ai ba a san asalin mutanen nan ba, gara a yi hattara.

Inno ta juyo wajena ta ce, "Malam Sani, ji ta fa. Hattara muna yi. Amma gidan ga ba a yi wa kowa shon."

Allah ya jiƙanka, Umaru. Ɗalibarka ta fi mu duka riƙe karatu.