Malam Idrisu da Jikarsa ta Sifen

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin jimar fatun nan na Challawa ya san Malam Idrisu, mutumin Gumel, mai ware fatun awaki da na tumaki. Warin fata ya kama jikinsa har sabulu ya sallama, magana kuwa sai an ja ta daga bakinsa. Shi ya sa abokan aiki suka fara ƙus-ƙus da suka ga kullum lokacin hutu yana komawa bayan ɗakin gishiri, waya a kunne, yana gunguni shi kaɗai. Tsoho dai Sifaniyanci yake koyo.

Ba don sha'awa ba ne. Ɗansa na fari ya tafi Sifen aikin gonar tumatir, ya auri 'yar ƙasar, suka haifi Bilkisu. Bara ciwon zuciya ya ɗauke shi, aka binne shi can. Tun daga nan matar ta yi shiru kamar an shuka dusa. Sai da Inuwa, abokin marigayin da ke can, ya yi ta zarya kafin ta yarda da kiran bidiyo guda ɗaya, ta kuma ce in abin bai kwanta mata ba, kowa ya kama gabansa. Idrisu ya gane karatun. In ya yi sake, jikarsa ta tafi ke nan.

Inuwa ke turo masa darasi ta saƙon murya. Da Idrisu ya ji su ma 'yan Sifen suna raba kalmomi maza da mata kamar Hausa, sai ya ce abin zai zo da sauƙi. Ina! A wurinsu rana namiji ce, wata mace ne, hannu ma sun mai da shi mace. Fata ce kaɗai ta riƙe amana, mace a nan, mace a can. Tsoronsa kada ya buɗe baki ya kira jikarsa da kalmar maza, uwar ta ce bai ma san abin da ɗansa ya haifa ba.

Ranar kiran, jiniyar hutu na kaɗawa ya wanke hannu, ya gyara hula. Kira ya shigo, ya ɗauka. Ga matar nan fuska ba annuri, Inuwa a gefe zai yi tafinta, yarinyar ta laɓe bayan uwarta tana leƙe. Goshin ubanta sak. Idrisu ya jero gaisuwar da ya haddace, ya cakuɗa maza da mata yadda ya ji tsoro, ba wanda ya ko kula.

Sai matar ta yi magana mai tsawo. Inuwa ya sunkuyar da kai kafin ya fassara.

"Baba, ku yi haƙuri. Ta ce mijinta ya gaya mata tun da aka haife shi ba ku taɓa kiran sunansa ba. Wai me zai sa ta haɗa 'yarta da uban da bai son ɗansa?"

Gumi ya karyo wa Idrisu. Gaskiya ne, "yaron nan" yake cewa, ko ranar da saƙon rasuwar ya iso. Kunyar ɗan fari ce, haka ya taras ana yi a gidansu, kuma duk duniya ba wanda ya so kamar yaron. To da wane harshe zai yi wannan bayani? Inuwa ya fara kare shi, matar ta ɗaga hannu, ita daga bakin tsohon take son ji. Injuna sun fara tashi, mutane na komawa ciki, hannun matar kuma ya doshi wayar za ta kashe.

Idrisu ya matso da wayar kusa da bakinsa.

"Mustapha," in ji shi. Murya ta karye masa, ya sake. "Mustapha ɗana ne."

Yarinyar ta fito daga bayan uwarta, ta matso har numfashinta ya dusashe hoton, ta faɗi wani abu. Uwar ta janye hannu daga wayar, ta dafe baki. Inuwa ya share ido da gefen riga.

"Ta ce haka babanta yake faɗin sunansa, ba wanda ya iya a nan. Wai ku ƙara faɗa, Baba."