Injin ƙanƙarar da na zaɓa wa kawuna

Salama gare ku masu wannan mujalla. Don Allah ku sakaya sunana, domin a Ƙonni mutum ba ya ɓoyuwa.

A lokacin ni saurayi ne mai rawar kai, na fito lakwal, wato makarantar koyon sana'a, da ɗan sanin lantarki da Faransanci cike da baki. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Direban babbar mota ne, ya daɗe yana jigilar albasa daga Tsarnawa har Allah ya ba shi motar kansa. Da ciwon baya ya matsa masa, sai ya sayar da ita don ya kafa wurin yin ƙanƙara, ya zauna gida kamar sauran dattawa. Ya ji za a yi wani horo a Tawa kan yadda ake auna abin da inji zai ci tun daga ranar sayensa har ranar mutuwarsa, ya yi ta zirga-zirga har aka sa sunana. Ya ce shi mota kaɗai ya sani, in je in zame masa ido.

To kun san yadda muke ɗaukar irin wannan horo a wajenmu. A sa hannu da safe, a ci abincin rana, a karɓi kuɗin zama, a dawo da takardar shaida. Haka na ga manya suna yi, ni ma na bi sahu. Matar da ke koyar da mu injiniya ce mai haƙuri, amma ni kujera ƙaya ta zame mini. Sama-sama na ji tana cewa kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da inji ke ci, a tambayi abin da yake sha, da wanda ya iya gyaransa, da inda ake samun kayansa. Ko rufe baki ba ta yi ba na sulale, abokina yana jirana a waje da babur. Ranar da aka kwatanta injuna biyu don a koyi zaɓe, ina wurin tela ana gwada mini riga.

Da na dawo muka tafi Sakkwato. Aka nuna mana injuna biyu. Ɗaya irin wanda kowa ke aiki da shi ne, mai tsada, kuma bai cika girma ba. Ɗayan ƙato ne, ɗan kwatano, yana ƙyalli, kuɗinsa da sauƙi. Kawu ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali, ya ce ɗana, me karatun naku ya ce? Wallahi a nan ne ya kamata in ce ban zauna ba. Kunya ta hana ni. Na gyara tsayuwa, na jero masa kalmomin Faransanci, na nuna ƙaton. Bai ƙara tambaya ba, ya ce Allah ya sa albarka.

Da farko kamar abin arziki. Sai dai wutar garinmu ba ta tsayawa, injin kuma ba ya tashi da ƙaramin janareta, dole aka nemo babba mai shan gazuwal kamar raƙumin da ya kwana biyu bai ga rijiya ba. Ana shiga azumi, cikin tsananin zafi, lokacin da mata da masu shago ke layi da kuloli, injin ƙanƙarar ya yi wata ƙara ya tsaya. Masu gyaran Ƙonni suka buɗe suka girgiza kai. Na hau mota na nufi Sakkwato, daga can Kano, ina yawo da ƙarfen da ya lalace cikin buhu, rumfa rumfa, kowa ya juya shi ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Na dawo na sake komawa. Ba na iya zama wuri ɗaya, ko abincin buɗa-baki a tsaye nake ci. Kafin a samo kayan daga waje sallah ta wuce, damina ta sauka, masu saye sun koma wani wuri. Bai daɗe ba wani abin ya sake lalacewa, muka rufe ƙofa.

Daga baya na faɗa wa kawu gaskiya. Na so ya zage ni ko ya kore ni, da na samu sauƙi. Sai kawai ya ce da na faɗa masa a Sakkwato da ya tambayi wani. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma har yau yana cin raina.

Abin da na koya shi ne inji kamar dabba yake, ranar saye ba a gama biya ba, ciyarwa ce aikin. Ku matasa da ake turawa horo, ku tuna akwai wanda ya zauna gida yana jiran abin da za ku ji. In ba ku zauna ba, ku ce ba ku zauna ba. Kawuna yanzu motar wani yake tuƙawa, da furfurarsa, da matashin kai da yake tokare baya da shi, kuma in zai hau sai an kama masa hannu.