Sunan da Iya Ta Ƙi Karantawa

Ko zan manta komai na zamanmu a Madina, ban da ranar da aka zo gwada Iya. Farkon shekarun 1980 ne, maigidana yana karatu a jami'a, ni kuwa ina zaune a unguwar Al-Sih ba aikin fari bare na baƙi. Sai 'yan kasuwa mutanenmu suka haɗa tallafi don a koya wa 'yan matan da ba su shiga makaranta ba karatu da rubutu. Suka kama ɗaki, suka sayi allo da alli, aka ce ni ce malama.

Iya tsohuwa ce 'yar Chadi mai sayar da gyaɗa. Jikarta ta rako ran farko, ta zauna a bakin ƙofa wai tana jira, ashe ta zo ke nan. Kullum ita ce farkon zuwa. Ga surutu, ga tsokana! In yarinya ta yi kuskure sai ta ce, "Ke dai kanki kamar nawa, sai a hankali." Amma wallahi tana ƙoƙari, har ta fara haɗa baƙi.

Da masu tallafi suka ji, suka ce kuɗin na yara ne, ɗakin kuma ya yi kaɗan, ga 'yan mata suna jiran wuri. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa maigidana ya yi ta roƙo, har suka ce za su aiko a gwada ta. In ta karanta ta zauna, in ta kasa ta ba yara wuri.

Wadda suka aiko 'yar ɗaya daga cikinsu ce, malamar makaranta, haifaffiyar Madina. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Yarinyar kirki ce. Don ta sauƙaƙa wa Iya, sai ta rubuta sunan wani annabi da kowa ya sani, ta ce, "Iƙra'i ya hala," wato karanta, inna.

Iya ta dubi allo, ta sunkuyar da kai. Shiru. Mai surutun nan! Na ce, "Haba Iya, kin fa karanta abin da ya fi wannan wuya." Ko motsi. Baƙuwar ta jira, ta sake jira, sannan ta goge allon tana cewa "ma'alesh," wato ba komai, cikin tausayi. Na ce a raina shi ke nan, an kore ta.

Sai Iya ta dafa bango ta miƙe. Ta karɓi alli, ta rubuta sunan nan daga ka, harafi bayan harafi, ba kuskure. Ta juyo ta ce, "'Yar nan, sunan ɗan farina ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. A hanyar Sudan ya rasu, muna tahowa da ƙafa. Yana raye ban kira ba, yanzu zan kira?"

Baƙuwar ta dubi allon. Ita da aka haifa a nan, ina za ta san wannan kunya tamu? Sai ga hawaye. Ta kama hannun Iya, ta ce da Hausarta mai karkacewa, "Yi haƙuri, Iya. Ki zauna."

Da aka watse, Iya ta hana a goge allon. Ta ce mini, "Malama, abin da ya kawo ni ke nan. Baki ba ya iyawa, na ce bari in gani ko hannu zai iya."

Ni ma ba zan faɗi sunan a nan ba, tunda mai shi ba ta faɗa ba. Na koyar shekaru da yawa bayan haka, kuma tun ranar, in ɗalibi ya yi shiru ba na saurin cewa bai sani ba. Sai na tambayi abin da ya hana shi magana.