Injin Niƙan Mama Saratu

Ku ajiye sifana ku matso, ku da kuke ganin ƙara wa mota ganyen sifirin shi ne ƙarshen ilimi. Har gobe ban manta da Asabar ɗin da muka hau dutse da motar Honarabul Yohanna ba, kuma duk ranar da na tuna sai raina ya sake ɓaci.

Lokacin ni ne babban bakanike a garejin Oga Buba da ke unguwar Lokuwa a Mubi. Ga wanda bai san tsarin gareji ba, oga ne ke karɓar aiki ya yi ciniki, babban bakanike ne ke kwanciya a ƙarƙashin mota, mai walda da mai wayarin kuma sai aiki ya kai gare su ake kiransu. In aiki ya yi kyau, sunan oga ne. In ya lalace, nan ake tuna cewa akwai wani Iliya a garejin.

Shi Yohanna ɗan wani ƙauye ne a kan dutse, can bayan Gella. Ya daɗe yana aiki a Abuja, ya dawo gida shekarar da ta gabaci zaɓe yana neman kujerar majalisa. Ko mai unguwa ba a taɓa naɗa shi ba, amma in ba ka ce masa Honarabul ba sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Motarsa fikof ce mai ƙofa huɗu, irin mai ja da ƙafa huɗu, sabuwa fil, ba ta taɓa taka kashin shanu ba.

Abin da ya kawo shi wurinmu a ƙarshen watan Mayu abu ne mai kyau, gaskiya ɗaya ce. Ya saya wa mahaifiyarsa, Mama Saratu, injin niƙa. Ita da matan ƙauyen a kan dutse suke niƙa dawa da hannu, ko su sauko da ita tafiyar rabin yini. Kowace Kirsimeti yana ce mata baɗi, har tsohuwa ta daina tambaya. To bana ga inji ya samu, amma dole ya hau kafin ruwa ya zauna, domin akwai mayo, wato rafi, a gindin dutsen. Da ya cika, mota mai kaya ta gama hawa sai bayan kaka.

Ƙa'idar irin wannan aiki a fili take. Ka fara tambayar mai mota abin da zai ɗauka. Sannan ka ƙara ganye a sifirin na baya, ka canja shokozoba, ka sa tayoyi masu kauri, ka yi kariyar ɗora kaya a saman motar. Kaya mai nauyi a ƙasa yake zama, gaba da tayar baya, mara nauyi ya hau sama. Duk mun yi wannan, muka zaunar da injin daidai wurinsa, muka ɗaure da igiya. Mota ta tsaya cak, ko gezau.

Sai Honarabul ya zaro waya. Ashe ya kwana biyu yana kallon Turawan da ke yawon jeji da mota, ya kuma yo odar duk abin da ya gani. Tanti mai ninkewa da ake ɗaurawa a saman kariya, har da tsaninsa. Firij. Fitilu a jere kamar za a haska filin ƙwallo. Ga winci, wato injin da ke gaban mota mai igiyar ƙarfe, wanda ake ɗaurawa a bishiya ya fizgo ta in ta kafe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gidan Mama za mu, ko Sahara za mu ƙetare?"

Ya ce, "Iliya, kai ƙarfe ka sani. Hoto ma siyasa ne."

Oga Buba ya harare ni, sannan ya gyara murya ya yi wa'azinsa da duk Lokuwa ta haddace. "Ranka ya daɗe, ƙarfe ba ya jin kunya. In ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, a gaban surukanka zai karye. Daga tantin nan, ko allura kada a ƙara." Honarabul ya gyaɗa kai, ya ce wannan magana ce ta manya.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne saƙo. Kun dai san halinmu a nan. Mota ba ta tashi zuwa ƙauye a ce ta mutum ɗaya ce. Duk wanda ya ji labari yana da ɗan abin da za a miƙa wa wani, kuma ba a taɓa kawo babban saƙo ba, kullum "ɗan" ne, ko da turmi ne. Shi kuwa Honarabul sai da ya sanar da ranar tafiya a coci, ya sake sanarwa a taron jam'iyya, don a san shi mai zumunci ne.

Da na iso gareji da safiyar Asabar sai na ɗauka kasuwa aka mayar wurin. Buhunan taki, bandir na kwanon rufi, katifa, jarkokin manja, ƙofar ƙarfe da firam ɗinta, akuya mai ciki. Ga shugaban jam'iyya na mazaɓarsu, Ciyaman Luka, zaune a kan buhunan siminti, da mutanensa uku da za su bi mu. Kowa ya miƙo, Honarabul ya ce, "Ba matsala, a saka." Idonsa ba kaya yake gani ba, ƙuri'a yake gani.

Na ruga neman Oga ya zo ya tsawatar. A bakin titi na ci karo da shi yana saukowa daga keke, da buhu biyu na taki.

"Na surukina ne," in ji shi, bai ko kalle ni ba. "Gonarsa tana kan hanya."

"Oga, ƙarfen fa da ba ya jin kunya?"

"Taki ba nauyi ba ne, Iliya, albarka ne. Kama mu ɗora."

Direban Honarabul da ya ga yadda gindin motar ya zauna, nan take ya tuna cikinsa na ciwo. Haka tuƙi ya faɗo kaina. Ganyen da na sa da hannuna, masu lanƙwasa kyakkyawa, sun miƙe sambal. Muka bar Mubi muna jan ciki, hancin mota a sama, 'yan keke suna wuce mu suna mana sannu.

Bayan Gella hanya ta zama ta shanu. Rana ta karkata kafin mu kai mayon. Ruwan bai wuce idon sawu ba, amma yashin ya jiƙe. Na sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja da ƙarfi, na shiga a hankali. Ko tsawon motar biyu ba mu yi ba ta nutse har ciki.

Wallahi Honarabul murna ya yi. Ranar winci ta zo! Ya miƙa wa ɗaya daga mutanen Ciyaman waya ya ce ya ɗauki bidiyo. Bishiya ɗaya ce igiyar za ta kai, wani matashin mangwaro a bakin gona. Na ce ba zai riƙe ba, ya ce a bidiyo ma irinsa suke ɗaurawa. Ya danna da kansa. Mota ba ta motsa ba, mangwaro ne ya taso da saiwarsa ya nufo mu.

Mai gonar, wani dattijo Bappa Sali, ya fito daga gidansa da ke nan kusa. Ya ce, "Jam na?" ya gaisa da kowa hannu da hannu, sannan ya tsaya yana kallon mangwaronsa kwance a yashi.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ce wa Honarabul, "Ranka ya daɗe, ko mun fita daga nan, motar nan ba za ta hau dutse haka ba. Sawu ɗaya gare mu kafin ruwa. A sauke saƙon mutane, a kai injin."

Kai, kamar na zagi iyayensu! Ciyaman Luka ya dafe simintinsa ya ce na gyaran aji ne, kuma a makarantar ake ajiye akwatin zaɓe. Wani ya ce mai kwanon rufi gidansa cike yake da masu katin zaɓe. Akuya ta matar fasto ce. Na ce to tantin, noti huɗu ne, yanzu in kwance shi. Honarabul ya ce, "In kwana ina? Ɗakin Mama sauro." Na ce takin Oga Buba fa, ni na ɗauki laifin. Ya ce haba, da wane ido zai kalli Oga Buba?

Kowane kaya a motar nan yana da mai yi masa magana. Inji kaɗai ne ba shi da kowa, mai shi tana can kan dutse tana jira. Honarabul ya kalli injin ya ce, "Mama uwata ce. Za ta gane."

Na ji kamar in jefar da makulli in koma Mubi da ƙafa. Amma ni ɗan aiki ne. Tun da injin ne a can ƙasa, sai da muka sauke komai kaf kafin mu kai gare shi. Muka turo motar ta fita wayam, muka ciccibi inji zuwa rumfar Bappa Sali, sannan muka yi ta jidar sauran tarkacen muna mayarwa, har akuya. Bappa ya ce, "Ku bar shi, ba abin da zai taɓa shi. In kun dawo sai mu yi maganar mangwaro."

Da ƙyar da jiɓin goshi muka hau. Tun daga nesa muke jin guɗa. Mata sun fito da ankon zumunta suna rawa, sun gina wa injin ɗan ɗaki, sun yi masa daɓen siminti, har sun share ƙofar. Mutane suka yanyame mota, kowa na karɓar saƙonsa yana sa albarka. Honarabul ya hau sama ya buɗe tanti, yara suka yi ihu.

Mama Saratu 'yar tsohuwa ce ƙarama, bayanta ya ranƙwafa, yatsunta duk sun kanannaɗe. Ta zagaya motar a hankali, ta leƙa baya, ta leƙa ciki, ta buɗe firij ta rufe. Sannan ta ɗaga kai ta yi magana da Hausa, ba da yarensu ba, don mu baƙi mu ji.

"Yohanna, ina inji?"

"Mama, yana hanya."

"Da ƙafa yake zuwa?"

Guɗa ta tsaya. Ya sauko daga tsani yana bayanin mayo da hadari da nauyi. Ta shiga gida ta fito da ƙwarya cike da dawa, ta ajiye gaban dutsen niƙa da ke tsakar gida.

Ta ce, "Baƙinka sun ji yunwa. Ni kuma ranar Lahadi na tashi a coci na faɗa wa mata, daga yau hannuna ya huta, ɗana ya kawo inji. Ba zan zama mai ƙarya ba saboda kai. Durƙusa."

"Mama, mutane fa..."

"Su ka kawo ai. Durƙusa."

Da farar shaddarsa da hularsa Honarabul ya durƙusa a gaban dutse. Ya manta yadda ake yi, dawa tana tsalle tana zubewa, kaji suna tsincewa. Ciyaman Luka ya ga ashe akwai abin kallo a jikin takalminsa. Mai riƙe da waya kuwa ba wanda ya ce masa ya daina, shi ma bai daina ba. Matan suka zauna suka harɗe hannu, ba wadda ta taya shi. Yana cikin niƙan ruwa ya sauko. Tuwon da muka ci ranar rabinsa tsaki ne, amma na cinye nawa tas.

Washegari muka sauko ba kaya, mayo ya kai cinya, da addu'a muka tsallake. Komawa sama da inji kuwa sai dai a mafarki. Honarabul ya ce wa Bappa mako mai zuwa. Bidiyon ya riga mu isa Mubi, zaɓen fid da gwani ya zo ya sha ƙasa, ya tattara ya koma Abuja da tantinsa. Oga Buba kuwa ya ci gaba da wa'azin ƙarfe ga duk wanda ya kawo mota, ko kunya babu.

Bappa Sali ya jira har kaka ta wuce, ba wanda ya zo maganar mangwaro. Ya ga ba kyau a bar inji ya yi tsatsa, sai ya girka shi a rumfarsa. Yanzu matan dutse wurinsa suke saukowa niƙa, suna biya. Bara na bi ta wurin, na tarar da Mama Saratu zaune a layi da ƙwaryarta. Na durƙusa na gaishe ta, kunya kamar ta kashe ni. Ta gane ni sarai. Ta ce, "Bappa mutumin kirki ne, ba ya karɓar kuɗina. Ya ce injin ya yi kama da nawa."

To ga abin da na ɗauka daga wannan tafiya, ku riƙe. Aikinmu ƙarfafa mota ne, amma duk ganyen da ka ƙara, wuri ka buɗe wa wani ɗan saƙo. Kuma ranar da za a rage kaya, ba mafi nauyi ake saukewa ba, na wanda ba zai yi faɗa ba ake saukewa, galibi na uwa ko na mata. Shi ya sa a garejina na Sabon Layi nake tambayar mai mota, wane kaya ne dalilin tafiyar? In ya nuna mini, ba na ɗaure shi da igiya. Ɓula masa nake yi a ƙasan bodi, in ɗaure da noti, in bi kan notin da walda. In ya ce don me, sai in ce saboda gargada.